Yadda ake ajiye finafinai da bidiyon gida kada hardis ya mutu da su

A gidajen Hausawa da yawa a Jidda da Makka za ka tarar da ɗan hardis maƙale a bayan talabijin, ya shekara da shekaru a wurin ba a taɓa zare shi ba. A cikinsa aka tara tsofaffin finafinan Hausa da aka zo da su daga Kano, da na Indiya, da tafsirin azumi, da bidiyon biki da suna da saukar karatu. Irin wannan hardis ba ya sallama in zai tafi. Wata rana za a kunna talabijin a ga babu komai, ko a ji yana ƙas-ƙas daga ciki.

Na daɗe ina yi wa 'yan uwa da maƙwabta wannan aiki, kuma abin da na fi fama da shi wajen fahimtar da mutane shi ne cewa kwashe finafinai daga kwamfuta zuwa hardis, sannan a goge na kwamfutar, ba ajiya ba ce. Wuri kawai ka sauya musu, har yanzu kwafi ɗaya gare ka. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma yana wani gida daban. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta cika wannan ƙa'ida ba tare da aljihu ya ji jiki ba.

Kayan aiki

Kwamfuta, ko da tsohuwar laftof ce, muddin tana da ramin USB mai aiki. Bayanin nan na Windows ne, amma mai Mac ma zai iya bin yawancinsa.

Hardis na waje guda biyu. Iri biyu ne a kasuwa: ƙarami mai inci 2.5 wanda wayar USB kaɗai ke ba shi wuta, da babba mai inci 3.5 wanda ke da cajarsa ta bango. Ƙaramin ya fi dacewa da wanda ke zirga-zirga tsakanin nan da gida. Ka sayi wanda ya ninka girman kayanka, domin bidiyon waya yana taruwa da sauri. Kada ka ji an cuce ka in ka sayi 2TB kwamfuta ta nuna maka 1.81TB, ko 1TB ta nuna 931GB. Bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows. In da hali ka bambanta su, misali ɗaya na Seagate ɗaya na WD ko Toshiba, don kada su zo da lahani iri ɗaya su mutu a lokaci guda. Ka saya a kanti mai ba da fatura, wato rasit, irin su Jarir ko eXtra, ka adana faturar. Amma ka sani garanti na'ura yake maye maka, ba ya dawo da bidiyon aurenka.

Wani zai ce me ya sa ba SSD ba, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa a ciki, tun da ya fi sauri kuma faɗuwa ba ta cika yi masa illa ba? Yana da kyau ga kwafin da kake amfani da shi kullum. Ga wanda za a jefa a durowa a manta, na fi natsuwa da hardis mai faifai, saboda SSD da filash suna riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki wanda ke raguwa in an daɗe ba a jona su ba, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ga kuma tsada.

Na'urar karanta faifan DVD ta USB, in kana da faya-fayai, tun da laftof na yanzu ba sa zuwa da ita.

Manhajoji, dukkansu kyauta: FreeFileSync don kwafa, CrystalDiskInfo don duba lafiyar hardis, H2testw don gano na jabu, VLC don kallo, sai MakeMKV da HandBrake ga mai faya-fayai. Kowacce ka sauke ta daga shafinta na asali.

Sai ƙananan abubuwa: alƙalamin maka da salatif na takarda, jakar leda mai zif, da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

1. Tara komai, ka raba shi gida biyu

Ka buɗe folda ɗaya a kwamfuta ko a hardis ɗin da kake da shi, ka janyo duk abin da ke warwatse a wayoyin gida da memori da filash da tsohuwar laftof ɗin yara. Daga nan ka raba shi biyu. Kashi na farko abin da babu inda za ka sake samunsa: biki, suna, walima, bidiyon mahaifi ko kaka da suka riga mu gidan gaskiya, da tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da ake saye a kasuwar Ƙofar Wambai, waɗanda da yawansu yanzu ko a wurin masu su da wuya a samu. Kashi na biyu abin da in ya ɓata za ka iya sake saye ko kallo a intanet.

Wannan rabo shi ne zai rage maka kashe kuɗi. Kashi na farko yawanci ba shi da girma sosai, kuma shi ne ya cancanci kwafi uku cif. Na biyu kwafi biyu ya ishe shi.

Ka gyara sunaye tun yanzu. Fayil mai suna VID-WA0007 ba zai gaya wa kowa komai ba bayan shekara biyar. Ka fara da shekara da wata, sai abin da ya faru, kamar "2019-08 Sunan auta, Makka". Haka kwamfuta za ta jera su da kanta bisa tarihi. A sunayen fayil gara ka bar harufa masu lanƙwasa da na Larabci, don wasu talabijin sukan nuna su a matsayin akwatuna. In ka gama, danna foldar da maɓallin dama, zaɓi Properties, ka rubuta girmanta da adadin fayilolin da ke ciki. Za ka buƙaci lambobin nan a gaba.

Abu biyu da ba sa shiga lissafi. Fim ɗin da ka sauke a cikin Netflix ko Shahid ko YouTube a kulle yake cikin manhajar, ba ya kwafuwa. Bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi ya rasa kyau, don haka in na biki ne ka nemi wanda ya ɗauka ya ba ka na asali ta filash, ko ya turo shi a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har 2GB ba tare da matsewa ba.

2. Gwada sabon hardis kafin ka amince masa

Mutane sukan tsallake wannan saboda ɗoki. Ka jona hardis ɗin, ka buɗe CrystalDiskInfo. In ya nuna Good da shuɗi, lafiya lau. Caution da ruwan ɗorawa na nufin ya fara samun matattun gurabe, Bad da ja kuwa ka mayar da shi inda ka saya. Ka kuma duba Power On Hours, wato awannin da ya yi yana aiki. Sabo bai kamata ya wuce 'yan awanni ba. Wannan lambar ce abokiyar wanda ya sayi na hannu a Haraj, kasuwar kayan gwanjo: in ka ga dubban awanni, ka san ya sha aiki, komai ƙyallin jikinsa. Ni dai ba na ɗora kashi na farko a kan na hannu, sai dai ya zama kwafi na uku.

Filash da memori kuwa akwai na jabu sosai, musamman masu arha fiye da hankali a intanet. Za ka ga an rubuta 1TB ko 2TB a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa bai wuce 'yan gigabait ba. Zai karɓi duk abin da ka tura, sunaye su fito ras, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da fanko. H2testw yana cika na'urar da bayanai sannan ya karanta su, ya gaya maka gaskiyar girmanta. Yana cin lokaci, sai ka bar shi ya kwana yana yi.

3. Zaɓi tsarin da za ka yi masa fomat

Fomat yana share komai, saboda haka a kan sabon hardis kaɗai za ka yi shi, kuma ka zare duk wani hardis daga kwamfutar tukuna don kada hannu ya kuskure.

Tsari uku za ka gani. FAT32 tsoho ne, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Shi ya sa wani lokaci filash ke cewa fim ya yi masa girma alhali akwai wuri. NTFS na Windows ne, kuma ya fi jure ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, sai dai Mac yana karanta shi ne kawai, ba ya rubutu a kai. exFAT yana aiki a Windows da Mac da yawancin wayoyi, amma ya fi saurin rikicewa in aka fizge waya ba a yi Eject ba. In Windows kaɗai ake amfani da shi a gidan, ɗauki NTFS. In akwai Mac, exFAT. Wanda za a riƙa jona wa talabijin kuwa, ka sa fim ɗaya ka gwada tukuna, domin kowane kamfani da abin da talabijin ɗinsa ke karantawa.

Sai ka manna salatif a jikin kowanne: "A, na gida" da "B, na waje", da kwanan wata.

4. Juye faya-fayai da kaset

Faifan da aka buga a kamfani yana daɗewa, amma yawancin na bikinmu da finafinan gida a kan faifan da ake ƙonawa a kwamfuta suke, mai bayan shuɗi ko ruwan hoda. Wannan rini ne a cikinsa, zafi da hasken rana suna cin sa a hankali. Faifan da ya yi shekara goma sha a kan kabad a Makka, inda zafin bazara ke haura digiri 45, ka fara da shi.

Ka goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. In VCD ne, buɗe foldar MPEGAV, za ka ga fayil kamar AVSEQ01.DAT. Kwafe shi, ka sauya ƙarshen sunan zuwa .mpg, shi ke nan, VLC zai buɗe shi. Fim ɗaya yakan zo a faifai biyu, sai ka sa musu 1 da 2. In DVD ne, za ka ga foldar VIDEO_TS. Kana iya kwafe ta gaba ɗaya, amma ya fi tsafta ka buɗe MakeMKV ya mayar maka da fim ɗin fayil ɗaya ba tare da rage masa kyau ba. DVD ɗaya yana ɗaukar 4.7GB, mai hawa biyu 8.5GB. In wuri ya yi maka kaɗan, HandBrake zai matse shi zuwa MP4 mai kusan gigabait ɗaya ko biyu. Finafinan kallo ka matse su yadda kake so. Bidiyon iyali kuwa ka ajiye na asali, ka yi matsattsen daban don turawa a waya, domin abin da matsewa ta cire ba ya dawowa.

In faifai ya tsaya a tsakiya, ka sake goge shi, ka gwada a wata na'urar. Sau da yawa abin da wannan ta kasa karantawa wata tana karantawa. Wasu faya-fayan kamfani kuma suna da kullen yanki: Saudiyya tana yanki na 2, Najeriya da Nijar suna na 5. In kwamfuta ta nemi ka sauya yanki kada ka yi ta amsa mata, sau biyar kaɗai na'urar ke yarda sannan ta kafe a kan na ƙarshe.

Kaset ɗin bidiyo aikinsa daban ne. Kana buƙatar na'urar kaset mai lafiya, da ɗan abin da ke haɗa wayoyinta ja da fari da ruwan ɗorawa zuwa USB, da manhaja irin OBS Studio. Kaset na awa uku awa uku zai ci, babu gajeriyar hanya. In ba ka da kayan, akwai shagunan ɗaukar hoto da ke yi, amma ka yi tunani kafin ka miƙa kaset ɗin kamu ko wunin mata ga wanda ba ka sani ba. Gara ka nemi aron na'ura a yi a gida.

Duk wannan don amfanin gidanka ne. Juye fim ana rabawa ko sayarwa cin haƙƙin masu shi ne, dokar ƙasar nan ma ta hana, kuma masu shirya finafinan Hausa sun sha wuya a hannun masu satar fasaha.

5. Kwafin farko

Ka jona laftof da caja, ka shiga saitin wuta ka hana ta barci. Ka nemi ramin USB mai shuɗin ciki ko mai alamar SS. A wannan rami ƙaramin hardis yana gudun kusan 100MB a daƙiƙa, wato terabait ɗaya zai ci kamar awa uku. A tsohon rami mai baƙin launi a ciki aikin zai kai awa tara ko fiye. Ka ɗora hardis ɗin a kan tebur, ba kan katifa ko kafet ba, a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki, inda yaro ba zai ja waya ba. Faifan da ke ciki yana juyawa sau dubbai a minti, faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa ta gama da shi.

Kana iya yin Copy da Paste, amma kada ka taɓa Cut. In wuta ta ɗauke a tsakiya, za ka rasa gane abin da ya tafi da abin da ya rage. Hanyar da ta fi ita ce FreeFileSync, ga yadda ake yi:

A ɓangaren hagu ka zaɓi foldar finafinanka. A dama ka zaɓi hardis A. Ka danna Compare, zai jero maka abin da ke hagu wanda babu a dama. Sai ka shiga saitin Synchronization, inda za ka ga zaɓi kamar Two way da Mirror da Update.

A nan ake yin ɓarna mafi muni, don haka ka natsu. Mirror yana mayar da dama ta zama daidai da hagu, har da goge duk abin da ke dama wanda babu shi a hagu. In ka juya su, ka sa sabon hardis fanko a hagu, finafinanka a dama, zai share finafinan ne don su yi daidai da fanko. Haka kuma in yaro ya goge folda a kwamfuta ba ka lura ba, Mirror zai bi ta ya goge a ajiyar ma. Ga mai farawa Update ya fi aminci: yana ƙara sababbi da waɗanda aka sabunta, ba ya goge komai. Illarsa kawai, in ka sauya wa fayil suna za ka iya tarar da tsoho da sabo duka a ajiya, wannan kuwa ƙaramar matsala ce. In ka ƙware kana son Mirror, ka zaɓi Versioning a wurin da ake tambayar yadda za a yi da abin da aka goge, ka nuna masa wata folda ya riƙa zuba su a ciki.

Kafin ka danna Synchronize, dubi ƙasan allon inda yake nuna adadin abin da zai kwafa da wanda zai goge. In ka ga lamba a gefen gogewa alhali ba ka yi niyya ba, tsaya. In komai daidai ne, danna, ka tafi harkarka. Da ya gama ka adana saitin da suna, don gaba dannawa biyu kawai za ka yi. Sai ka maimaita da hardis B.

In babu kwamfuta a gidan fa? Wayar Android tana iya aikin da ɗan mahaɗin OTG ko filash mai bakin USB-C, iPhone na baya-bayan nan ma haka ta manhajar Files. Ka sayi filash biyu masu kyau, ka kwafa kashi na farko a kan kowanne. Hardis mai faifai sau da yawa ya fi ƙarfin wutar da waya ke bayarwa, za ka ji yana ƙoƙarin tashi yana kasawa, to kada ka matsa masa. In kuɗin hardis ɗaya kawai gare ka, ka bar na asali a kwamfuta, hardis ya zama na biyu, kashi na farko kuma ka ƙara masa filash ko intanet.

6. Tabbatar da abin da ka kwafa

Ka duba Properties na foldar da ke hardis, ka gwada da lambobin da ka rubuta a mataki na 1 (in ka ƙara wasu fayiloli a mataki na 4, ka sake ɗaukar lambobin tukuna). Adadin fayiloli dole ya zo ɗaya. Daga nan ka koma FreeFileSync, ka sauya hanyar gwadawa zuwa File content, ka sake danna Compare. Wannan yana karanta kowane fayil a ɓangarorin biyu yana gwada cikinsu, yana cin lokaci kusan kamar kwafin kansa, amma ko da kashi na farko kaɗai ne ka yi masa. A ƙarshe ka buɗe wasu bidiyo daga hardis ɗin da VLC, ka ja su zuwa tsakiya da ƙarshe, don lalataccen fayil yakan fara lafiya ya tsaya a hanya. Ka yi Eject kafin ka zare, kullum.

7. Fitar da kwafi ɗaya daga gidan

Hardis biyu a durowa ɗaya gobara ɗaya ce ko ɓarawo ɗaya. Waɗanda suka ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, da wadda ta biyo baya a Janairun 2011, sun san yadda ruwa ke shiga gidan ƙasa cikin ɗan lokaci ya lalata komai. Ka sa hardis B a leda mai zif tare da ƙullin tsotse danshi, domin iskar Jidda ta bakin teku tana sa bakin USB tsatsa, ka kai shi gidan ɗan uwa a wata unguwa, ko Makka ko Madina in kana yawan zuwa. A ajiye shi a sama, nesa da taga da kicin. Kada ka bar shi a mota da rana ko na awa ɗaya ne.

Ga wanda zamansa ya rataya a kan iƙama, wato takardar izinin zama, akwai ƙarin dalili. Aiki yana iya ƙarewa a ba ka kwanaki ka tattara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gara tun yanzu kwafi ɗaya na bidiyon iyali ya riga ka isa Kano ko Zinder ta hannun amintacce. In za a hau jirgi da shi, a jakar hannu ake sa shi cikin tufafi, ba a akwatin awo da ake jifa ba. Na'urar duba kaya ta filin jirgi ba ta yi masa komai.

Tun da zai bar hannunka, ka yi tunanin sirrin iyalinka. Foldar biki kana iya kulle ta da VeraCrypt, ko BitLocker in Windows ɗinka Pro ne, ko ka naɗe ta da 7-Zip ka sa kalmar sirri. Sai dai in kalmar ta ɓace babu mai buɗe maka, har kamfanin da ya yi manhajar. Ka rubuta ta a takarda, ka ajiye tare da fasfo, uwargida ko babban ɗa su san wurin.

Intanet ma wani gidan ne. Google yana ba da 15GB kyauta wanda Gmail da Google Photos ke ci daga ciki, OneDrive da iCloud suna ba da 5GB. Wannan ba zai ɗauki finafinai ba, amma zai iya ɗaukar zaɓaɓɓun bidiyon iyali. In za ka biya kuɗin wata don ƙarin wuri, ka tura da intanet ɗin gida da dare, ba da datar waya ba. Hatsarin da ya fi kama mutanenmu a nan shi ne lambar waya: an buɗe akawun da layin Saudiyya, an koma gida, layin ya mutu, saƙon tabbatarwa ba ya zuwa. Ka ƙara imel na biyu da lambar gida tun kana nan. Masu tura finafinai a Telegram su ajiye kuwa, fayil ɗaya ba ya wuce 2GB a akawun na kyauta, kuma ranar da aka rufe akawun komai ya tafi. Ni ba na ƙirga shi cikin ukun.

8. Sabuntawa

Hardis A ba na kallo ba ne. In an gama kwafa a zare shi a ajiye, domin wanda ke jone kullum duk abin da ya sami kwamfuta zai same shi, ko hawan wuta ne ko ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa. Na bayan talabijin ya ci gaba da zamansa, shi ne na aiki.

Ka ɗaura sabuntawa da abin da ba ka mantawa, kamar ranar albashi, da kuma washegarin duk wani biki. Ka jona A, ka buɗe saitin da ka adana, Compare, Synchronize. Duk bayan 'yan watanni ka sabunta A, ka kai shi gidan ɗan uwan, ka karɓo B ka sabunta shi, su riƙa musanya. Sau ɗaya a shekara, a ce bayan aikin Hajji, ka duba su duka da CrystalDiskInfo. Wanda ya nuna ruwan ɗorawa, ko ya kai shekara biyar yana aiki, ka sayi magajinsa tun yana iya karantuwa.

9. In hardis ya riga ya fara ciwo

In kana jin ƙas-ƙas ko ƙara irin wadda bai saba ba, zare shi nan take. Kowace kunnawa tana ƙara karce faifan. Kada ka buɗe cikinsa, ƙura kaɗan ta isa ta lalata shi, kada kuma ka sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara. Wannan aikin masu ceto bayanai ne da ke da ɗaki na musamman, kuɗinsu kuma yakan ninka na sabon hardis sau da yawa, don haka ka tambayi farashi kafin ka bar musu shi.

In ba ya ƙara amma Windows ta ce sai an yi masa fomat, ka danna Cancel. Ka gwada wata wayar USB da wani ramin da wata kwamfutar, don sau da yawa wayar ce ta lalace. In yana buɗewa amma a hankali, kada ka tsaya gyaran sunaye: ka fara kwashe kashi na farko, folda ɗaya bayan ɗaya, mafi muhimmanci a gaba.

In kuwa gogewa aka yi bisa kuskure, kada ka sake ajiye komai a kan wannan hardis, domin fayil ɗin yana nan har sai an rubuta wani abu a gurbinsa. Ka sa Recuva ko PhotoRec a kwamfutar, ka bar su su bincika, abin da suka samo kuma ka ajiye shi a wani hardis daban. PhotoRec yana dawo da bidiyo ba tare da sunayensu na asali ba, sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka sake sa musu suna.